A auna ruwan burtsatse kafin a yanke kirtani

Duk wanda ya taɓa halartar bikin buɗe rijiyar burtsatse a Babban Mutum ko wani gari na ƙaramar hukumar Ɓaure ya san yadda ake yi. A tuƙa famfo, ruwa ya zubo garau, babban baƙo ya kurɓa, a tafa, a watse. Ba kasafai wani ke tambayar takardar gwajin ruwan ba.

Ga dalilin da ya sa ya kamata a tambaya. Akwai sinadarin asenik, guba da ke kwance a cikin wasu duwatsu da ƙasa. A dunƙulensa ya fi ruwa nauyi sau 5.7, abin da zai sa mutum ya zaci zai kwanta a gindin randa. Ina! Da zarar ya narke, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowace lita, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya. Wannan awo sai ɗakin gwaje-gwaje.

Bangaladash ta ga illar rashin awon. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo don raba jama'a da amai da gudawa, kuma an samu sauƙi. Sai a 1993 aka tabbatar akwai asenik a ruwan. Gubar ba ta gaggawa: shekaru take ɗauka kafin tabo ya fito a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya sankarar fata, mafitsara ko huhu ta biyo. Ƙarshenta sai da aka bi rijiyoyi da fenti, ja ga mai guba, kore ga mai kyau. Mu ma nan gida ba mu manta yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba.

Ba cewa muke ruwan ƙasar Daura na da guba ba. Cewa muke ido ba ya iya wanke shi daga zargi.

Hukumar RUWASSA ta Jihar Katsina da ƙananan hukumomi su sa gwajin asenik da dalma cikin sharuɗɗan kwangila, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya kawo sakamako. A liƙa kwafi a jikin tankin, da Hausa, a ba mai unguwa nasa.