“Ku Koma Gida, Sai Wani Mako”

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, wane ne cikinmu bai taɓa jin wannan magana ba? Mutum ya rufe rumfarsa, ya sayar da akuya, ya ɗauko mahaifinsa mai ƙaba daga ƙauye. An hana tsoho abinci tun tsakar dare. Gari ya waye, rana ta take, sa'an nan a leƙo a ce yau ba tiyata.

Me ya hana? Ba wuta, inji ba mai. Ba jini. Ba iskar oksijin. Likitan sa barci ɗaya ne tak, an kira shi wani aikin gaggawa. Ko kuwa an jera marasa lafiya fiye da abin da yini zai ɗauka.

Mahukunta za su ce ƙaddara ce. Mu kuwa mun ce sakaci ne. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa suka yi wata biyu suna yajin aiki. A 2024 aka yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi. A 2017 kuwa shugaban ƙasa ya yi kwana fiye da 100 yana jiyya a Landan. Shin shi ma an ce masa sai wani mako?

Ga abin da mu ke nema. A auna jinin mara lafiya da bugun zuciyarsa mako guda kafin ranar. A tanadi jini da mai da oksijin kafin a sa rana. A sa wa ɗakin tiyata wutar sola. A biya likitoci hakkinsu kan kari. In dole ta sa a ɗaga, a buga waya kafin mu biya kuɗin mota, a rubuta mana sabuwar rana a takarda.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mu ɓoye hawan jini ko ciwon suga, kada mu ba mara lafiya koko a ɓoye ran aiki, kada mu gudu in an nemi jini.

Harajin kasuwa ba a taɓa ɗaga mana shi zuwa wani mako ba. To, mai zuwa neman ƙuri'arku, ku fara tambayarsa wannan.