Jirgin araha da buhun gero: wa ake yi wa wannan albishir?

Kwanan nan wata magana ta cika wayoyinmu, ana turo bidiyo ana cewa a Turai mutum yana hawa jirgin sama da kuɗin da bai kai na takalmi ba, saboda haka mu ma da an buɗe ƙofa ga ƙananan kamfanoni, talaka zai tashi daga Maraɗi ya sauka Yamai kafin shayi ya huce. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilinmu.

Gaskiya ne kamfanoni irin su Ryanair da easyJet suna sayar da tikiti da araha. Amma ku san abin da aka sayar maka: kujera ce kawai. Akwatin da za a sa a cikin jirgi kuɗinsa daban, zaɓen wurin zama daban, ruwan da za ka sha ma sai ka biya. Jirgin Ryanair yana ɗaukar mutum kusan 190, yana sauka ya juya cikin ƙasa da awa guda, yana yin sawu da yawa a yini, kuma kusan kullum a cike. Daga nan arahar take fitowa.

To mu duba namu. Niger Airlines da ya fara jigila a 2014 da Fokker 50 ya fara, jirgi mai ɗaukar mutum hamsin. Ina za a samo fasinja ɗari biyu safe da yamma tsakanin Maraɗi da Yamai? Jirgin da ke kwana a ƙasa yana cin kuɗi ko bai tashi ba, kuma wanda ya hau shi ne zai biya. Ku tambayi kuɗin tikiti, ku auna shi da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, jika 42 a wata, sannan ku dawo mu yi magana.

Kuma wai wane ne a cikinmu yake tafiya hannu rabbana? Bagobirin da zai je ganin ɗansa a Yamai yana da buhun gero, da jarkar man gyaɗa, da ƙullin zogale na surukai, wani lokacin har da zabi biyu a kwando. Uwargida mai zuwa suna ba a ma maganar kayanta. A gar ɗin Rimbo ko SONEF za a yi ciniki da yaron mota, a ɗan yi hayaniya, a loda. A filin jirgi sikeli ne ke magana, kuma ba ya jin "don Allah ɗan'uwa". Idan aka lissafa kilo, tikitin araha ya koma na masu hali.

Ba mu ƙin jirgi, a fahimce mu. Ɗan kasuwa mai sauri da maras lafiyan da ba zai jure kilomita sama da 600 a zaune ba suna bukatarsa, kuma muna so ya ɗore. Mun ga yadda Air Afrique, da ƙasashe goma sha ɗaya suka haɗa hannu a kansa, ya rushe a 2002. Abin da ke ba mu haushi shi ne a riƙa ɗaura wa talaka suna a kan abin da ba nasa ba, domin a samu hujjar zuba dukiyar kowa a ciki.

Tafiyar mutumin ƙauye ba a filin jirgi take wahala ba. Wahalar tana tsakanin ƙofar gidansa da kwalta: rairayi da rani, laka da damina, mace mai naƙuda a kan amalanke ko bayan kabu-kabu ana neman asibitin Gidan Rumji. Magajin gari da 'yan majalisar da za su zo mana da zancen jirgi, su fara gaya mana kilomita nawa na hanyar burji aka yi a gundumarmu bana, nawa aka kashe, wa aka ba kwangila. Idan kuma ana son abin hawa mai araha da ke ɗaukar mutum da buhunsa, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Shi muke so a riƙa ba mu labarinsa duk wata, da ranar da jirgin farko zai shigo.