Ɗan da ungozoma ta yanke wa cibiya ɗan ƙasa ne

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane a birnin Tawa: yaron da ya zo daga Takanamat, Tebaram ko Tiliya neman takardar ɗan ƙasa, in ba shi da shaidar likita, ai wataƙila ɗan Mali ne. Wannan zato zalunci ne, kuma ba shi da tushe a doka.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1984 jini take dubawa. Wanda ubansa ɗan Nijar ne, ɗan Nijar ne. Tun gyaran 1999 kuma uwa ma tana bai wa ɗanta wannan haƙƙi. Babu inda aka ce sai a kan gadon asibiti. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna haihuwa uku cikin goma ne kawai ake yi a likita. To sauran bakwai ɗin, duk baƙi ne?

Masu wancan ra'ayi na cewa tsaro. Gaskiya ne masu gudun hijirar Mali sun taɓa zama a Intikan da Tazalit, kuma ba mu manta kisan gillar Maris 2021 a yankin Tiliya ba. Amma waɗanda aka kashe a ranar su ne mutanen da ake tuhumar asalinsu. Makiyayin da ya rasa ƴan uwansa da dabbobinsa, yanzu kuma a ce ya kawo hujjar cewa ɗansa na nan ne?

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a rubuta haihuwa. Wanda ya wuce sai ya je gaban alƙali da shaidu. Kwana 60 kaɗan ne ga mai jego a ruga, miji ya tafi cin rani Abijan ko Libiya, hanya kuwa babu aminci. Laifin jinkirin na nisan hukuma ne.

Ungozoma ta san uwar, ta san kakar, ita ta yi wankan farko, ta ci naman suna. Wane shaida ya fi ta? A ɗauki ungozomomi a matsayin masu kai rahoton haihuwa ga maigari da ofishin magajin gari, a kuma yawaita zaman alƙalai a ƙauyuka, kyauta. Hukumomin jihar Tawa, yaran nan na jiran takardunsu kafin jarrabawar BEPC ta wuce su.