Giyar Otomatik: Laushin Canji Ba Shi Ne Lafiya Ba

A garejojin Birnin Kebbi, koke biyu masu motocin otomatik suka fi kawowa. Wani ya ce giyarsa tana bugu in za ta canza, yana son a mayar da ita laushi kamar auduga. Wani kuma, galibi matashi mai Accord ko Camry, ya kalli bidiyo a YouTube, yana son a taɓa kwamfutar motar ta riƙa canzawa da kaifi. Dukansu gaggawa suke yi. A ƙasa mai zafi irin Kebbi, giyar da ta dace ita ce wadda kamfani ya saita, kuma abin da ya kamata a nema shi ne dalilin da ya sa ta kauce daga wannan saiti.

A cikin akwatin giya akwai faya-fayan kuloci da matsin mai yake matsewa, kwamfuta kuma tana sarrafa matsin ta hanyar ƙananan bawul masu aiki da lantarki. Idan matsin ya hau a hankali, faya-fayan sukan ɗan yi zamiya kafin su kama, direba ya ji laushi. Amma kowace zamiya gogayya ce, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Idan matsin ya hau farat ɗaya, zamiya ta ragu, sai dai bugun ya sauka a kan robobin da ke riƙe da inji da shaf ɗin taya. Injiniyoyi sun zaɓi tsaka-tsaki ne bayan dogon gwaji.

Man giya ya fi aiki daidai a tsakanin digiri 80 zuwa 95. A watan Afrilu zafin rana a kwarin Rima yakan wuce digiri 40. Motar da ta ɗauko buhunan shinkafa daga Argungu, ta ratso yashin fadama, sannan ta kama titi mai tsawon kilomita 50 da ɗoriya zuwa Birnin Kebbi, ta riga ta dafa manta. Ƙara mata laushi ƙara mata zamiya ne, wato ƙara wa wuta itace.

Sau da yawa ma bugun ba daga saiti yake ba. Na farko, mai. Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, kuma kowanne da irin santsinsa da kwamfuta ta sani. Wanda ya zuba duk jan man da ya samu a bakin titi ya ruɗa lissafin. Abin ya fi muni a motoci masu CVT, kamar yawancin Corolla na Amurka daga 2014, domin man otomatik na yau da kullum yana iya kashe giyar.

Na biyu, al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu zafi gare ta. Motocin Toyota da dama ba sa shiga giyar ƙarshe sai ruwan inji ya kai kusan digiri 60. Injin da ke daɗewa bai ɗumama ba yakan jinkirta canji, ya ƙara shan fetur, abin da ba mai so tun bayan janye tallafin mai a 2023. Na uku, lalacewar bawul. Masu Peugeot 406 da 307 sun san yadda giyar AL4 take bugawa ta maƙale a lamba uku, kuma galibi bawul ɗin matsin mai ne ke jawo haka.

Masu son kaifi suna da hujja: canji mai ɗan ƙarfi yana rage zamiya, shi ya sa masu jan tirela a Amurka suke yin sa. Amma suna yi ne da manhajar da aka rubuta wa ainihin ƙirar motar, su kuma ƙara na'urar sanyaya mai. Fayil ɗin da aka sauke kyauta a intanet, aka ɗora wa motar Beljiyam da ta ci kilomita dubbai, caca ce da kuɗin giya sukutum. Mai son ƙarin kuzari ya duba ko motarsa tana da maɓallin ECT PWR ko yanayin S, waɗanda kamfani ya tanada.

Fasahar da ta fi amfani mai arha ce. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da kafar OBD-II, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar waya kamar Torque suna karanta lambobin matsala, a wasu motocin har da zafin man giya. Babbar sikana ta gareji kuma tana goge abin da kwamfutar ta koya bayan gyara, don ta sake koyo a kan sabbin kaya.

Saboda haka tsarin ya zama: a karanta lambobi, a duba launin mai da warinsa, a tabbatar lagireto yana sanyayawa, a duba robobin inji. Bakaniken da ya tsallake waɗannan ya nufi kwamfuta kai tsaye yana rufe alamar ciwo ne, ciwon kuwa yana nan. Rigakafi ya fi magani, kuma lita huɗu na man da ya dace ba su kai ko kusa da kuɗin akwatin giya daga Kano ko Legas ba.