Wa ya ba ɗa ikon yi wa uwarsa kulle?

Wani sabon kulle ya shigo ƙasar Guddiri, kuma 'ya'ya ne suke yinsa. Mace za ta shekara talatin ko arba'in ba ta leƙa ƙofar gida sai da izinin maigida. Allah ya karɓi abinsa, ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fita, ta ce to bari ta ɗan sha iska. Ashe tun kafin a watse daga zaman makoki an riga an naɗa mata sabon mai ba da izini, wato yaron da ta goya, ta yi wa tsarki, ta sayar da ɗankunnenta ta biya masa kuɗin jarrabawa. Shi ne yanzu zai ce ta je ko kada ta je.

Abin da ya tayar min da wannan magana a makon nan ya faru, kuma har yanzu raina bai huce ba. Aminai ne su biyar a nan Azare, duk tsofaffin malaman firamare, duk sun ajiye alli. Tun suna 'yan mata a makarantar horon malamai suke tare. Sun ci sunan 'ya'yan juna, sun raka amaren juna ɗaki, uku daga cikinsu sun zauna wa juna makokin miji. Da suka yi ritaya sai suka ɗaura adashi, kuma ban da zubin da ake kwasa duk wata, suka ware wani ɗan asusu da ba a taɓa shi. Na tafiya ne. Suna da ƙawa ta shida da aure ya kai Bauchi tun da daɗewa, bara ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya zuwa ko'ina. Shirin shi ne su ɗauki shatar mota, su kwana biyu a wurinta, su ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Balewa, sannan su zarce Yankari su kwana ɗaya su juyo. Direban ma ɗan ƙanwar ɗayarsu ne.

Na shiga gidan ɗaya daga cikinsu ana gobe tafiyar. Na tarar da ita a kan tabarma, ta baje kaya kamar mai haɗa lefe: dambun nama a roba, soyayyar gyaɗa a kwalba, turaren wuta, turmin atamfa na maras lafiya, ga maganin hawan jininta ta ƙirga na kwana huɗu ta ƙulle a leda ta soke a gefen jaka. Har silifas sabo ta saya, wai saboda bakin ruwa. Wannan mata ta shekara talatin da biyar tana koya wa yara cewa Yankari a jiharmu take, a ƙaramar hukumar Alkaleri, akwai giwaye da ɓauna da gwaggon biri, kuma ruwan Wikki da ɗuminsa yake fitowa rani da damina. Ta rubuta a allo, ta yi jarrabawa a kai, ta ba da maki. Idonta bai taɓa gani ba.

Ina zaune wayar ta shigo daga Abuja. Ba ta iya rage murya ba, don haka duk na ji. "Umma, yanzu da girmanki a ce an gan ki a Yankari? Me mutane za su ce? Ki bari in na samu hutu na zo na kai ki da kaina." Ta ce, "To, Allah ya kaimu." Ta ajiye waya, ta yi shiru, sannan ta fara mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Na ce, Hajiya, me ke nan? Ta ce, "Bar shi kawai, ƙawata, ba na son ɓacin ransa." Atamfar da turaren ta ba jikanta ya kai wa sauran. Su huɗu suka tafi.

Hutun da zai zo ya kai ta, ni da ku mun san ranar zuwansa. Amma ga abin da ya fi ƙona min rai. Matar yaron nan tana da tsohon ciki. Ranar da ta sauka, wallahi kafin a yanke cibiya kuɗin mota sun shigo wayar Umma. Za ta hau motar haya ita kaɗai, a matse ta tsakanin mutanen da ba ta sani ba, ta wuni a hanyar da ta ninka ta Bauchi nisa, ta je ta yi kwana arba'in tana dafa ruwan wanka da kunun kanwa da wankin ɗan jariri. A ranar babu mai tuna girmanta, babu mai tambayar me mutane za su ce, babu mai cewa hanya ba lafiya.

Ku duba ku gani. Tafiyar da muka yarje wa dattijuwa guda huɗu ce: gaisuwar mutuwa, biki, jego, sai asibiti. Uku na farko aiki take zuwa yi wa wani, na huɗu kuma gyara ta ake yi don ta ci gaba da aikin. Da zarar ta ce za ta je wani wuri don ranta yana so, don ta ga wadda suka yi ƙuruciya tare su yi dariya har su yi hawaye, sai a ce yawo ne. Mahaifin yaron nan da abokansa sun sha cika mota su tafi Kano ɗaurin auren da ko sunan angon ba su sani ba, su biya Wudil su ci kifi, su dawo bayan isha'i. Nasu zumunci ne.

Na san za a kawo min maganar muharrami, kuma wannan fagen malamai ne, ina girmama shi. Sai dai mu mabiya Imamu Malik ne, kuma a cikin Muwaɗɗa ya yarda matar da ba ta taɓa sauke farali ba, in ba ta da muharramin da zai raka ta, ta tafi cikin ayarin mata. Masu shekaru irin nawa suna tuna 2012, lokacin da aka tsare matan Najeriya fiye da dubu a filayen jirgin Jidda da Madina saboda rashin muharrami, aka juyo da wasu gida suna kuka. A 2022 Saudiyyar da kanta ta sanar cewa mace za ta iya zuwa Hajji da Umra ba tare da shi ba. Kuma dai yaron nan bai ambaci muharrami a wayarsa ba. Mutane ya ambata.

Wai ma yaushe muka zama haka? Malam Zaki da ya kafa masarautar Katagum tutar Shehu ya riƙo. 'Yar Shehun, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta jagoranci ayarin mata a ƙafa, kwana da kwanaki, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Waɗanda suka fi yin tafiyar 'yan mata ne da matan da suka gama haihuwa, domin masu ƙananan yara gida ya riƙe su. Wato a tsarin 'yar Shehu, shekaru su ne suke buɗe wa mace hanya. A tsarin ɗan bokon Abuja su ne suke rufe ta. Kuma ƙasarmu a kan hanya take tun fil azal. A da ta Katagum ayari yake bi tsakanin Kano da Borno, ta nan Turawan nan Clapperton da Oudney suka ratsa a 1824, kuma ta gabas ɗin nan alhazan ƙafa suke miƙewa su ratsa Chadi da Sudan, da mata a cikinsu, wasu da goyo.

Ƙawance kuwa kakanninmu ba su ɗauke shi abin wasa ba. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954, zai ga yadda ake ƙulla shi da sanin kowa, da kyauta da tukwici, in ƙawa ta yi miki gudummawa ranar bikinki ki ninka mata ranar nata. Mace tana da ƙawa, tana da yaya, tana da ƙanwar rana. Aure yana mutuwa, ƙawance yana nan. Ita ce ta san abin da kika haɗiye a gidan miji wanda har gobe 'ya'yanki ba su sani ba, kuma ba za su sani ba. Ɗa ba ya maye wannan gurbi, ko da kuwa duk wata yana turo kuɗi.

To bari in faɗa muku gaskiya, ku 'ya'yan, tunda iyayenku kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Da yawanku ba tsoron hanya kuke yi ba. Tsoron ranar da za ku nemi mai raino ku rasa kuke yi. Kun gina mata gida a bayan gari, kun ja katanga har sama, kun sa ƙyauren ƙarfe, kun saya mata talabijin da babbar waya, kun ɗauki hoto kun sa a Facebook an yi ta sa muku albarka. Kun raba ta da unguwar da in ta yi tari maƙwabciya za ta leƙo ta katanga ta ce lafiya. Yanzu daga ita sai 'yar aiki sai jikokin da aka jibge mata lokacin hutu. Ku je asibitin tarayya da ke nan Azare ranar ganin likitan masu hawan jini da ciwon suga, ku dubi bencin mata. Za ku ga an gama ganin mace, an ba ta magani, amma ta koma ta zauna, domin nan ne kaɗai take haɗuwa da sa'o'inta ba tare da an tambaye ta ina za ta ba. Ingila ta naɗa minista sukutum saboda kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, muna ta yi musu dariya muna cewa mu muna da dangi. Ga shi muna gina irin nasu da bulo da siminti.

Mu mata ma ba mu fita ba. Mutanen nan da yaron yake tsoron bakinsu, rabinsu mu ne. Mu ne za mu ga hoton dattijuwa ta tsoma ƙafa a ruwa tana dariya mu taɓe baki mu ce tsufa bai zo da hankali ba. Mu ne za mu kira surukarta mu kai rahoto. Wadda aka hana ta, maimakon ta yi wa wadda ta samu murna, sai ta fi kowa tsananta mata.

Hanya akwai matsala, ban musa ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da mai fansho za ta yi lissafi sau uku kafin ta taka tasha. Maganinsa a tafi da rana, a tafi a ƙungiya, a san direba, kuma duk matan nan sun yi.

Tunda na ambaci tasha, ku yi haƙuri, sai na koma kan tsohuwar maganata. Har yau ban daina mamakin yadda za a karɓi kuɗin tikiti da na lodi da na ƙungiya a wurin fasinja, amma a rasa banɗaki mai ƙyaure da buta da ruwa inda mace mai mutunci za ta shiga. Na san dattijan da in za su yi tafiya tun daren jiya suke daina shan ruwa, har da masu ciwon suga a cikinsu. Namiji ya tsaya a bayan mota ya gama, mace ta daure har Potiskum. Sannan motar da aka yi wa mutum uku a jere a cusa huɗu, a ce wa mai ciwon gwiwa ta hau can baya. Na rubuta, na sake rubutawa, shugabannin tasha sun yi kunnen uwar shegu. Ranar da uwar ɗayansu ta yi tafiya a motar haya za a gyara.

Abin takaicin ma, ba sai an je nesa ba. Matan Azare nawa ne suka haura hamsin ba su taɓa taka tsohon garin Katagum ba, inda sarautar ta faro kafin Turawa su dawo da ita nan? Nawa ne suka ga duwatsun Shira da zanen mutanen da da ke jikinsu? Jama'are ga ta nan da koginta, Misau ga ta nan, Haɗeja ba nisa, fadamun Nguru da tsuntsayen da suke tasowa tun daga Turai lokacin hunturu suna nan. Akwai matan da jikokinsu suke karatu a jami'ar Gadau, su suka sayar da akuya aka biya kuɗin rajista, ko ƙofar makarantar ba su taɓa gani ba. Yawancin wuraren nan a fita bayan sallar asuba ne a dawo kafin magariba.

Saboda haka kirana ga makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika garin nan, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN. Kuna kai yara ziyarar buɗe ido da motar makaranta, kuna kai su musabaƙa har wata jiha. Ajin iyaye fa? Ku sa a tsarin karatu, sau ɗaya a zango: mota ɗaya, malama ɗaya, kowa ta zo da abincinta da dardumarta. In da sunan makaranta aka fita, ina son in ga ɗan da zai bugo waya daga Abuja ya ce wa malamar uwarsa me mutane za su ce. Makarantar da ta fara shiryawa ta aiko min ta ofishin jaridar nan, zan biya kuɗin kujerata da ta mutum biyu, amma kujerar gaba tawa ce, saboda gwiwa.