Daga Teburin Malam: Yini Guda a Birnin Zazzau

 

Kwanan baya wani yaro ɗan aji shida ya kawo mini hoton da ya gani a wayar yayansa. Ga gidaje farare fat bisa dutse, ga teku a ƙasa, ga kuma wani jirgin ruwa kamar unguwa guda. Ya ce, "Malam, ina ne nan?" Na ce Santorini ke nan, wani tsibiri a ƙasar Girka. Na bayyana wa ajin cewa irin jiragen nan su kan ɗauko dubban masu yawon buɗe ido, su sauke su da safe, su kwashe su da yamma. Daga bakin ruwa zuwa cikin garin Fira akwai matakala kusan 600. Wasu su taka da ƙafa, wasu su hau jaki, wasu su shiga wani ɗan akwati mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe. Baƙin sun yi yawa har a 2025 aka ƙayyade su 8,000 a yini, kowannensu kuma ya biya Yuro 20 a lokacin cunkoso.

Yara suka yi ta mamaki. Sai na ce, "To, madalla. Wa zai faɗa mini ƙofofin birnin Zazzau guda uku?" Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Kwangila." Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba, gama laifin ba nata ba ne.

Mu mutanen Saulawa da Ikara da Makarfi da Kudan, yaushe mu kan je Zariya? Sai in ciwo ya kai mu asibiti, ko mun kai rake da mazarƙwaila kasuwa, ko muna bin wata takarda a ofis. Mu shiga a guje, mu fita a guje, hankalinmu na ga motar komawa. Mutum ya yi shekara 30 yana zuwa Zariya, amma bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. Wasunmu kuwa har tsoron cikin birni su ke ji, sai ka ce ba tarihin kakanninmu duka ne ke kwance a can ba.

Ni ma ina cikin masu laifin. Tun ina saurayi na taɓa ganin tsohon ginin Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara kaɗai gwanin nan ya ɗaga bakan gizo masu tsawo, har aka yi kwaikwayon ginin a gidan tarihi na Jos. Kowace shekara sai in ce zan kai 'ya'yana su gani, kowace shekara kuma in ce sai baɗi. Ran 11 ga Agusta, 2023, wani sashen rufin ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. Muka yi baƙin ciki tare da maƙwabtanmu. Da na sani ƙeya ce. Abin da na gani, 'ya'yana ba za su gan shi yadda na gan shi ba.

Saboda haka a hutun bara na ce wa uwargida ta shirya. Ta ce, "Malam, wa ba shi da lafiya?" Na ce kowa lafiya lau, kallo za mu. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta ɗaure dambu a kwano, ta cika gora da ruwa. Muka kama motar farko, mu biyu da yara biyu.

Na tuna da fasinjojin jirgin nan. Su ma yini guda gare su, jirgi kuwa ba ya jiran kowa, kamar yadda direban tasha ba ya jira. Wanda ya ce sai ya ga kome, gajiya kaɗai zai koma da ita. Sai na yanke shawara abu uku za mu duba, da ƙafa kuma.

Na fari, ganuwa. Muka sauka a Tudun Wada, muka shiga ta Ƙofar Doka. Na gaya wa yara kewayen ganuwar ya kai wajen kilomita 14 zuwa 16, ana kuma danganta ta da Sarauniya Amina. Na lissafa musu waɗansu ƙofofin: Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, Jatau, Tukur-Tukur. Ƙaramin ya ce, "Baba, ina bangon ya ke?" Na nuna masa wani tudun jar ƙasa. A wurare da yawa ruwan sama ya zaizaye ta, masu gini sun ɗebi ƙasarta, gidaje sun hau kanta. Ita ma ba za ta jira mu ba.

Na biyu, ƙofar fada. Muka tsaya daga gefe muna kallon zanen da aka yi mata da launi iri iri, ga dogarai cikin ja da kore. Wani dattijo na zaune a inuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hutawa." Ya tambayi daga ina, na ce Saulawa. Ya matsa mana a tabarma. Shi ne ya ba yara labarin Sarki Makau, wanda ya bar birnin zamanin jihadi ya nufi kudu, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu a ke kira Suleja. Ya lissafa musu gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ya ce Sarkin yanzu, Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau a 2020, daga gidan Mallawa ya fito. Da muna sauri, da gaisuwa kaɗai za mu yi mu wuce.

Na uku, lunguna da kasuwar birni. Muka ga masu ɗinkin babbar riga zaune a zaure, allura na shiga tana fita, ana fid da aska takwas. Babbar 'yata ta lura unguwanni da dama da sunan rimi a ke kiransu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Da rana ta take, muka sami inuwa muka ci dambunmu, muka sayi fura. Awa guda cur ba mu yi kome ba sai kallon masu wucewa. Uwargida ta ce tun aurenmu ba ta taɓa zama haka a Zariya ba.

Yara suka so mu zarce Wusasa su ga dutsen Kufena da tsohuwar majami'ar ƙasa da aka gina a 1929. Na ce a'a, wannan na wata rana ne. Kafin la'asar sakaliya muna tasha.

Na sani kuɗin mota ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023. To, ga shawara. In wata hidima ta kai ka Zariya, ka ɗauki yaro ɗaya, ka gama hidimar da wuri, ka ba birnin awa uku. Ka yi shiga ta mutunci. Ka gai da mutane kafin ka tambaye su. Kada ka ɗauki hoton kowa ko na wurin ibada sai da izini. Ka kauce wa tsakar ranar Juma'a, gama hanyoyin fada su kan cika. Ka kuma koma gida da sauran rana.

Da aka koma makaranta na sake yi wa ajin tambayar nan. Yanzu su kan kawo ƙofa shida ba tuntuɓe. Amma haddace suna daban, tsayawa a gindin ƙofa daban, gani ya kori ji. Iyaye, saura ku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.