Ƙurar hunturu, ƙwayoyin teku da cinikin iskar kabon

Duk shekara idan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari, jiragen sama suka kasa sauka a Kano da Maiduguri, masu ciwon asma kuma suka shiga uku, babu abin da muke yi wa ƙurar nan sai Allah wadai. Ni ma ina cikin masu yi. Amma yau ina roƙon mai karatu ya bi ta tare da ni zuwa inda take sauka, domin akwai wani ciniki da ake ƙullawa a duniya wanda ya shafe ta, kuma ina tsoron ranar da za a kawo mana takardarsa mu sa hannu ba mu san kansa ba.

Mafi yawan ƙurar da ke rufe mu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya taɓa malala kafin ya janye. A shekarar 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka suka ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa yamma a kowace shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki kuma yana kaiwa dajin Amazon. Kaso mai tsoka yana faɗawa cikin Tekun Atlantika, ɗauke da sinadarin ƙarfe da na fosfaras. A can akwai masu jiran sa.

Masu jiran wasu ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, wato bakteriya masu launin gansakuka da ke rayuwa da hasken rana kamar tsiro. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Tirikodesmiyum, wadda idan ta yi yawa takan shimfiɗu a kan ruwa tamkar an watsa garin katako. Darwin ya gan ta a gaɓar Barazil a 1832, wasu ma na ganin jan da take yi wa ruwa ne ya sa Turawa suke kiran Bahar Maliya jan teku. Sai a 1961 aka gano aikin da take yi. Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san gonar da aka noma wake ko gyaɗa takan yi ƙarfi baɗi, saboda ƙwayoyin da ke cikin saiwarsu suna kamo naitirojin daga iska su mai da shi taki. To, abin da Tirikodesmiyum da 'yan uwanta ke yi ke nan a tsakiyar teku, inda ruwa ya yi garau saboda rashin abinci. Ƙiyasin masana ya kama daga tan miliyan 100 zuwa 200 na naitirojin a shekara, wato daidai da abin da masana'antun takin zamani na duniya ke samarwa, ko ma fiye. Sai dai aikin yana cin ƙarfe ƙwarai, shi ya sa suke yabanya a inda ƙurar Sahara ke sauka.

Ina ruwan wannan da ɗumamar yanayi? Ƙananan tsirran teku suna zuƙar iskar kabon, idan sun mutu wani ɓangare nasu ya nutse, kabon ɗin ya kwanta a ƙasan ruwa ɗaruruwan shekaru. Galibin takin da suke ci yana tasowa ne daga zurfin teku, amma ruwan da ya kawo shi yakan zo da nasa kabon, sai lissafin ya zama an ba ka da dama an karɓe da hagu. Takin da sayanobakteriya ke kamowa daga iska kuwa sabo ne fil, bai zo da bashin kabon ba. Nan ne darajarsu take, nan ne kuma 'yan kasuwa suka kafa ido.

Tunaninsu mai sauƙi ne: tunda ƙarfe ne ya yi ƙaranci a wasu sassan teku, a zuba ƙarfe, tsirrai su yi yawa, su zuƙe kabon, a sayar wa kamfanonin da ke gurɓata iska takardar shaidar cewa an goge musu laifi. Ba tatsuniya nake yi ba. A 2012 wani ɗan kasuwar Amurka, Russ George, ya jagoranci zuba kimanin tan 100 na garin ƙarfe a tekun da ke yammacin Kanada, abin da ya tayar da ƙura a duniya, kuma a 2013 ƙasashen Yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku suka amince da gyaran da zai taƙaita irin wannan aiki ga binciken kimiyya kawai.

Gaskiya ne akwai hujjar da ke goyon bayansu. Wani bincike da masanan Faransa suka jagoranta, aka buga a 2023, ya nuna cewa a kusa da tsibiran Tonga, inda duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin ruwa ke fesa ƙarfe, waɗannan ƙwayoyi sun yi yawa kuma kabon da ke nutsewa ya ƙaru. Amma a nawa ganin wannan bai isa a kafa kasuwa a kansa ba. Tirikodesmiyum tana da 'yan jakunkunan iska a jikinta da ke sa ta yin iyo a sama, kuma mafi yawan abin da tsirran teku suka zuƙa yakan ruɓe a kusa da saman ruwa ya koma iska cikin ɗan lokaci. Wanda ke isa can ƙasa kaɗan ne, auna shi kuma sai da jiragen bincike da kuɗi masu yawa. Sannan teku ba gona ba ce mai shinge. Wani nazari na 2023 da masanin Jami'ar Liverpool, Alessandro Tagliabue, ya jagoranta ya nuna cewa idan aka zuba ƙarfe a tekun kudancin duniya, tsirran can za su cinye abincin da igiyar ruwa ke kai wa yankuna masu zafi, kifi ya ragu a can. Yankuna masu zafi kuwa mu ne.

Mun ma fara ganin abin da ke faruwa idan taki ya yi wa teku yawa. Tun 2011 wata ciyawar teku mai suna sagasum take taruwa daga Yammacin Afirka har zuwa Karebiyan, tana toshe komar masunta a Saliyo da Gana da gaɓar Nijeriya, tana ruɓewa a bakin ruwa da wari. A watan Mayun 2025 an ƙiyasta ta haura tan miliyan 37. A shekarar ce masanan cibiyar Max Planck ta Jamus suka danganta yaɗuwarta da fosfaras da iska ke tasowa da shi daga zurfin teku, wanda ke ciyar da sayanobakteriyar da ke manne a jikin ciyawar, su kuma su ba ta naitirojin. Babu wanda ya zuba komai da gangan, amma ga abin da ya biyo baya.

Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, kuma tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Jami'o'inmu na Arewa kuwa suna zaune ne a kan hanyar ƙurar, don haka su ya fi dacewa su riƙa auna yawanta da ƙarfen da ke cikinta shekara bayan shekara, maimakon mu riƙa karanta labarinta daga tauraron ɗan Adam na wasu. Ranar da wani kamfani ya zo da tayin zuba taki a ruwanmu, ina fata wanda zai zauna da shi ya tambaye shi zurfin da kabon ɗin zai kai, shekara nawa zai yi a can, wa zai auna ban da shi mai sayarwa, kuma wa zai biya masuntan Ilaje idan komarsu ta fito da ciyawa.